Ma'aikatan Cikin Tanki

Masu magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma na Farfesa ya wuce ƙuƙumi, har da kwaɗo aka ɗaura masa. Zango ɗaya tak ya yi a kwaleji yana karatun ilimin halittu, jarrabawa ta raka shi har bakin ƙofa ta ce ya gai da gida. Abin da ya fito da shi bai wuce farar rigar ɗakin gwaji da 'yan kalmomi masu nauyi ba, amma da su ya addabi gidan hayar da yake zaune. In ka yi atishawa sai ya tsayar da kai ya gaya maka irin ƙwayoyin cutar da ka saki. In ka ce ka gaji, sai ya ce ba kai ka gaji ba, ƙwayoyin halittarka ne suka rasa makamashi. Sana'arsa sayar da caja da marfin waya a wata 'yar rumfa. Sunan Farfesa kuwa Tela maƙwabcinsa ne ya laƙaba masa don tsiya, shi kuma ya karɓe da hannu biyu.

Matarsa mace ce mai haƙuri, sai dai tari ya sa ta gaba. Likita ya duba ƙirjinta ya ce huhunta ya gaji da hayaƙin itace, ta koma girki da gas tun abin bai yi nisa ba. Labari ya kai kunnen mahaifiyarta, sai ga Inna da jakarta a hammata. Ita Inna ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, ko da gwiwarsa na gogar tata, sai dai ta bi ta kan 'yarta.

"Ki gaya wa mijinki," in ji Inna, "ƙarshen wata zan dawo. In na tarar da ke durƙushe kina hura wuta, ki haɗa kayanki mu tafi. Ban haife ki don a yi bandarki a hayaƙi kamar kifi ba."

Farfesa ya gyara zama. Ba wai tukunyar gas ta fi ƙarfinsa ba ne, a'a, girman kai ne ya motsa.

"Inna, ai wanda bai sani ba shi ke sayen gas. Mu haɗa shi muke yi."

"Ki tambaye shi, su da wa?"

"Mu masana, Inna. Ku dai ku zo da yunwarku."

Inna ta dubi 'yarta ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ta ɗauki jakarta ta fita.

Tun ba ta kai bakin titi ba Farfesa ya saka farar rigarsa ya tsaya a tsakar gida. Tela ya leƙo daga ɗakinsa da allura a baki. Mai wanki, wanda igiyoyin shanyarsa suka cinye rabin tsakar gidan, ya ajiye bokiti. Farfesa ya yi musu bayani dalla-dalla. Akwai wasu ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu, suna zaune a cikin kashin shanu. Ba sa son iska ko kaɗan. In ka rufe su a tanki da ruwa, sai su yi ta cin kashin suna sakin gas, kai kuma ka ja tiyo zuwa murhu. Shanu ba za su daina kashi ba, don haka wutarsa ba za ta taɓa mutuwa ba.

"Ma'aikata ne da su miliyan kan miliyan," in ji shi. "Ba albashi, ba hutu, ba yajin aiki. Kafin shekara ta zagayo unguwar nan kaf daga wurina za a riƙa jan wuta."

Tela ya cire allura daga bakinsa. "Tsaya in fahimta. Su ci, su ƙoshi, su saki iska ta baya, mu kuma mu dafa abinci da ita?"

"A kimiyyance ba haka ake faɗa ba."

"To a kimiyyance ni na ƙoshi."

Washegari matar ta fito ɗiban ruwa ta tarar tankinta na roba babu ruwa, an jawo shi tsakiyar gida, an huda shi wuri uku.

"Maigida, tankina!"

"Tankinki ya samu ƙarin girma, uwargida. Wannan ƙofar zuba abinci ce, wannan ta gas, wannan bututun na gefe kuwa ta nan abin da suka gama ci zai riƙa fita."

"Ruwan fa, a ina zan zuba?"

"Ke ana maganar makamashi kina maganar ruwa."

Ya ari baro ya nufi mahauta. Mahauta suka loda masa kashin shanu har da ƙari, suna tambayarsa ko gona ya saya. Ya turo baro cikin rana, farar riga na kaɗawa, ƙudaje na yi masa rakiya. Daidai ƙofar gida tayar baron ta faɗa rami, kaya suka kife a bakin ɗakin Tela, inda wata mata ke tsaye ana gwada ta. Matar ta ƙwalla ƙara ta tsallake ta bar takalmi ɗaya, kuma har yau ba ta dawo karɓarsa ba.

"Farfesa," in ji Tela, "ma'aikatanka sun yi ɓatan kai. Nan ɗinki ake yi."

Haka ya yi ta sawu har tanki ya cika. Ya dama da taɓaryar matarsa, ya rufe marfi ya liƙe da roba, ya haɗa tiyo da tub ɗin tayar babbar mota don gas ya taru a ciki. Matar ta dubi taɓaryar, ta ce ya riƙe, ta bar masa duniya da lahira.

Kwanaki suka shuɗe. Kullum da safe sai ya kanga kunne a jikin tankin, ya ji ƙulu-ƙulu, ya ɗago yana murmushi. Rannan ya tashi ya tarar tub ya kumbura. Wayyo daɗi! Ya bi ɗaki-ɗaki yana buga ƙofa, har da ta wata tsohuwa da ba ta ji sosai. Aka taru a kicin. Ya buɗe makunni, iska ta fito tana huci, ya ƙyasta ashana ya kai. Fut, ashana ta mutu. Ya ƙyasta wata, ita ma ta mutu. Ya kunna takarda ta kama sosai, ya kai bakin murhu, gas ɗin ya hure ta. Ashe iskar farko da tanki ke bayarwa ba ta cin wuta, sai an bari ta fice tukuna, wannan kuwa a zango na biyu ake koyar da shi.

"Kai, madalla!" in ji Tela. "Mutane na neman wuta, kai ka ƙirƙiro maganin gobara."

"Ashanar ce ba ta da kyau."

"Takardar fa?"

"Ita ma kamfaninsu ɗaya."

Ana wata ga wata. Abin da ke tsiyaya ta bututun gefe ya kwanta a tsakar gida, wari ya tashi, ƙudaje suka kafa sansani. Mai wanki ya shanya fararen kaya, kafin su bushe sun zama masu ɗigo-ɗigo. Ya zo ya tsaya gaban Farfesa da riga a hannu.

"Dubi nan. Mai rigar nan fara ya kawo ta. In ce masa me?"

"Ka ce masa sabon yayi ne."

"To wallahi gobe zan kira duba-gari. Cuta za ka sa mana a gida."

Kalmar cuta ta taɓa Farfesa, don a ganinsa duk unguwar ba wanda ya kai shi sanin lafiya. Shi za a kira wa duba-gari? Ya tuna darasin tsafta, inda aka ce ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta. Ya sayo galan guda, ya wanke tsakar gida, sauran kuma ya buɗe ƙofar abinci zai tuttula a tanki.

Matar ta leƙo daga kicin tana share hawayen hayaƙi. "Maigida, su ma'aikatan naka ba zai taɓa su ba?"

"Miyagun kawai zai kashe. Nawa horarru ne, sun san ni na san su."

Ya tuttula duka. Wari ya ragu, gaskiya, har mai wanki ya ce ya fasa ƙara. Amma da gari ya waye Farfesa ya kanga kunne, shiru. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Tub ya kwanta shame-shame a ƙasa. Yana nan tsugune sai ga Tela ya fito ya cire hula, mai wanki na biye da shi, sun sunkuyar da kai.

"Ya muka ji da haƙuri?" in ji Tela. "Rai miliyan kan miliyan a yini ɗaya. Sun bar iyali?"

"Suma suka yi."

"Allah ya sa. Ko da yake ni ban taɓa ganin wanda ya sha bilic ya farfaɗo ba."

Daga kicin Farfesa ya jiyo tarin matarsa, irin mai tsawo ɗin nan da sai ta dafa bango. Abin ya sosa masa rai, ba ƙarya, yana son matarsa. Ƙarshen wata kuma ya matso. Mai hankali da nan zai tsaya ya nufi kasuwa. Shi kuwa sai ya ga ai idan ya sayo tukunyar gas yanzu, Tela zai yi ta yi masa dariya har tsufa.

Ya kwashe tanki, ya koma mahauta ya ɗebo sabbin ma'aikata. Amma su sai a hankali suke kama aiki, shi kuma ba shi da lokaci. Nan dabara ta faɗo masa. Ya tuna yis na sa ƙullin burodi ya tashi cikin ɗan lokaci. Ya je gidan burodi ya sayo yis, ya haɗa da sukari, ya bi 'yan kayan marmari ya kwaso ruɓaɓɓen mangwaro da kankana, ya ɗura duka.

"Wannan kuma mene ne?" in ji matar.

"Alawus. Ma'aikaci sai da ƙarfafa gwiwa."

Kai, abin ya karɓa! Tanki ya riƙa kuka kamar cikin wanda ya sha madarar da ta kwana. Sai dai Farfesa ya lura kumfa na fita ta bututun gefe, tub kuma na tsiyayar da iska ta wani faci. Ransa ya ɓaci. Gas ɗin da ya sha wahala a kai ne zai tafi a banza kafin Inna ta zo? Ya cire tub ya jefar, ya kulle makunni, ya fiƙe katako ya toshe bututun gefe, ya buga da guduma, ya naɗe da roba. Ƙofar abinci ma ya toshe ta. Ya ce ko ɗigo ba zai fita ba sai ranar.

Tanki mai tsayi ya fara zama kamar ƙwallo. Cikinsa ya turo, gindinsa ya ɗaga daga ƙasa. In rana ta take sai ka ji yana nishi.

"Maigida, tankin nan gurnani yake yi."

"Waƙar aiki ce."

"Ni dai na daina bi ta gefensa."

Kajin gidan ma sun daina. Tela ya janye keken ɗinkinsa daga bakin taga, bai ce komai ba, wanda a wurin Tela wannan babbar magana ce.

Ranar ta zo. Farfesa bai tsaya ga 'yan gida ba, ya gayyato mai shagon kusurwa, da masu rumfunan da ke kusa da tasa, da mahautan da suka ba shi kaya. Ya aro kujeru ya jera a tsakar gida, ya fito da murhu ya ɗora kan tebur, ya aza tukunyar ruwan shayi. Mai wanki ya roƙi a ɗaga taron zuwa yamma, don ya shanya fararen kayan wani babban kwastoma, aka ce masa kimiyya ba ta jiran shanya. Inna ta iso cikin sabon leshi, aka ba ta kujerar gaba, dab da tanki.

"Ki tambayi mijinki, me ya sa randar nan take hararata?"

"Cike take da albarka, Inna."

Ya gyara farar riga ya fara jawabi. Ya yi bayanin huhu da yadda hayaƙi ke cinye shi. Ya yi bayanin dazuzzuka da ake sarewa. Ya ce rana na ba ciyawa ƙarfi, ciyawa ta ba saniya, saniya ta ba ma'aikatansa, su kuma su ba shi, don haka in an bi salsala shi da rana abokan aiki ne. Wani mahauci ya tafa. Farfesa ya ɗaga ashana sama kowa ya gani, ya murɗa makunni.

Ba abin da ya fito. Kumfa da ɓawon kankana sun toshe tiyon tun daga tushe.

Ya girgiza tiyo. Ya hura ta. Ya sa ido a bakinta.

"Ko sun tafi yajin aiki?" in ji Tela daga can baya, inda ya zaɓa da gangan.

"Ƙaramar matsala ce. Kowa ya zauna."

Ya jawo kujera ya hau, ya dafa kan tankin, ya ce zai ɗan sassauta marfi kaɗan, iska ta motsa. Matar ta ce, "Maigida, don Allah sauko." Ya ce mata ta bar maza su yi aiki. Ya kama marfi ya murɗa.

Bum! Marfin ya yi sama, ba wanda ya ga inda ya sauka. Abin da ke ciki ya biyo baya, ya miƙe tsaye ya wuce kwanon rufi. Da ya bar shi haka, da wataƙila shi kaɗai zai yi wanka. Amma Farfesa, garin ceton gas ɗinsa, sai ya kifa tafukansa biyu a bakin tankin. Duk wanda ya taɓa toshe bakin tiyo da yatsa ya san abin da ke biyo baya. Abu ya baje ta kowace kusurwa. Ya juya hannu dama, ya wanke mahauta. Ya juya hagu, ya bi igiyoyin shanya ɗaya bayan ɗaya. Katakon da ya toshe bututun gefe ya fice da ƙarfi, ya wuce ta saman kan mai shago, ya fasa gilashin tagar Tela. Abin da ya biyo bayan katakon kuwa, kujerar gaba ya nufa.

Tsakar gida ta hargitse. Masu gudu na zamewa, masu zamewa na kama masu gudu. Tsohuwar da ba ta ji sosai ta fito tana tambaya ko ruwan sama aka fara. Mai wanki ya tsaya gaban igiyoyinsa hannu a ka, yana ta salati. Tela, wanda ɓuyarsa a baya ba ta hana shi samun rabonsa ba, ya share fuska ya tofar.

"Farfesa, an ga ma'aikata! Wallahi yau ido ya gan su!"

Tanki ya gama amai. Farfesa na tsaye kan kujera, farar riga ta koma wani launi da ba shi da suna, ɓawon mangwaro a kafaɗarsa. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Inna na zaune yadda take, jakarta a cinya, ba abin da ake gani a fuskarta sai idanu.

"Inna," in ji shi da ƙaramar murya, "a kimiyyance wannan taki ne mai kyau. Ba ya cutar da fata."

Inna ta miƙe a hankali. Yau ba ta bi ta kan kowa ba, ta dube shi ido cikin ido.

"Kai. Ni ka yi wa taki? Shuka ce ni?"

Ba wanda ya yi dariya, sai Tela da ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, aka riƙa jiyo shi yana bugun bango. Inna ta juya ga 'yarta ta ce ta ɗauko mayafinta, kayan a biyo da su. Matar ta dubi mijinta, idonta ya ciko, ta buɗe baki za ta yi magana sai tari ya sarƙe ta. Haka suka fita, Inna na tafe tana ɗiga.

Yini biyu Farfesa na wanke gida, da kayan mai wanki, da kujerun aro. Ba wanda ya ba shi ko ruwa. Da yunwa ta ci ƙarfinsa ya shiga kicin, wurin da tun da ya yi aure bai taɓa zama a ciki ba. Ya jera itace, ya ƙyasta ashana, ya durƙusa ya hura. Hayaƙi ya turnuƙe, ya shige masa ido da hanci da maƙogwaro. Ya yi tari har ya dafa bango, hawaye na zuba, ruwan ko ɗumi bai yi ba. Ya ɗaga kai ya ga yadda rufin kicin ɗin ya yi baƙi ƙirin. Shi da ya yi wa jama'a jawabin huhu, sai yau ya san abin da matarsa ke shaƙa safe da yamma. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka na gaske, ba na hayaƙi ba.

Washegari aka gan shi tafe daga kasuwa, tukunyar gas a ka, murhu a hammata, ba farar riga. Ya wuce ta gaban tagar Tela da aka liƙe da kwali. Tela ya buɗe baki, ya dubi fuskarsa, ya mai da bakin ya rufe.

A ƙofar gidan Inna ya sauke kaya ya durƙusa. Daga ciki yana jiyo muryar matarsa tana hira da ƙannenta, tas, ba tari. Inna ta fito, ta tsaya nesa kaɗan, ta zagaya tukunyar tana dubawa.

"Wa ya haɗa wannan?"

Harshen Farfesa ya yi ƙaiƙayi. Bayani guda ya taso masa har maƙogwaro, na yadda ake tace gas da yadda ake matse shi a ƙarfe. Ya haɗiye.

"Ban sani ba, Inna. Sayowa na yi."

"Ba hannunka a ciki?"

"Ko yatsa."

"Abin da ke cikinta fa?"

"Shi ma na mutane ne, Inna."

"Ba abin da za ka ƙara mata? Ba gyara?"

"Babu, Inna. Ko kunnawa ita za ta riƙa yi."

 Inna ta juya ta ɗaga labule.

"Ke, fito ki tafi ɗakinki. Mijinki ya warke."